Mangwaron da Aka Ɗinka wa Riga

Ranar da mangwaron Yaya Habsatu ya fara huda, mijinta Tanimu ya dawo daga biro, wurin aikinsa, ya tsaya a tsakar gida, ya ɗaga kai sama, ya cire hular kwanonsa ya rungume ta a ƙirji, ya ce, "Wala! Ai na gaya muku."

Babu abin da ya taɓa gaya mana. Shekara bakwai itacen nan yana tsaye a gidanmu na unguwar Zango, nan Yamai, ko ruwan alwala Tanimu bai taɓa zuba masa ba. Yayata ce ta zo da ƙwallon daga Maraɗi a ƙulle a bakin zane, na ƙarshe daga mangwaron Innarmu kafin masu fitar da hanya su sare shi. Ita ta shuka, ita ta yi masa shingen ƙaya, ita ta yi faɗa da kowace akuya a unguwar saboda shi. Da za ta taho, Inna ta ce mata, "In ya haihu ki aiko mini in ɗanɗana, kafin haƙoran nan su gama ƙaura." Lokacin da aka kawo ni Yamai in taya Yaya aiki, haƙora huɗu na baro a bakin Inna, ɗaya ma yana rawa.

Shi Tanimu ɗan aike ne a biron masu kula da tsabtar gari. Ya kai takarda, ya buɗe taga, ya goge tebur. Amma in ya zauna a gida yana magana, sai ka rantse shi ya raka Faransawa bakin jirgi shekara biyu da suka wuce, kuma kafin su hau suka juye masa iliminsu duka a aljihu. Hular kwanon ma wani Bature ne ya manta da ita a jikin ƙusa. A bangon biron nasu akwai wani hoto, an zana ƙuda ƙato kamar rago ya sauka a kan kwanon tuwo. Shekara goma Tanimu yana zaune a benci yana kallon hoton nan. Nan ya yi karatunsa duka.

A yammacin nan ya rubuta wa Inna takarda, ya ce ta share rumbu, motar kamiyo guda ta mangwaro tana tafe. Inna ta aiko da amsa cewa ita guda ɗaya ma ya ishe ta, in dai na ƙwallonta ne.

Ran Lahadi da hantsi ya kafa tsani ya hau, wai zai duba lafiyar furen. Sai muka ji ihu.

"Habsatu! Atansiyo! Abokan gaba sun shigo!"

Muka fito a guje, ni da muciya a hannu, na ɗauka maciji ne. Ashe ƙuda ne. Sun lulluɓe hudar, koraye da baƙaƙe, sai zuuu kake ji.

"Malam, ai haka suke yi wa na gidanmu kowace shekara," in ji Yaya. "Inna ba ta taɓa korarsu ba."

"Inna ta shiga lakwal ta yi boko? Ke kin san mikorob, ƙwayar cuta?" Ya miƙe yatsa sama, tsanin ya yi lilo. "Ƙafar ƙuda guda tana ɗauke da mikorob dubu saba'in. Ƙafa shida gare shi. Lami, nawa ke nan?"

"Da yawa," na ce.

"Wala."

Sai ga kan maƙwabciyarmu Kadi ya ɓullo ta saman katanga. Bazabarma ce, mai soya kifi, kuma akwai wani turmi da ta ajiye musamman don leƙen gidanmu.

"Fofo, Tanimu. Gobara ce?"

"Ƙudanki ne suka tsallako."

"Ƙudana? Ka ga tsagen gidanmu a fuskarsu?" Ta dubi itacen, ta dube shi. "Bar su su yi aikinsu. A garkar babana can bakin kogi, in mangwaro ya yi fure, kawunan kifi muke ratayawa a reshe don ƙuda su zo. In ba su zo ba, ganye za ka ci."

Tanimu ya yi dariya har sai da Yaya ta riƙe tsanin. "Kun ji ko? Kun ji abin da ke hana ƙasa ci gaba? An samu andefandans, 'yancin kai, mutane suna rataya kan kifi a itace!"

"Kala suru," in ji Kadi da Zabarmanci, wato sai haƙuri, ta sauka daga turminta.

Metod ta farko, wato dabararsa ta korar ƙuda, mafici ce. Ya tsara mana aiki: Yaya daga safe zuwa hantsi, ni daga hantsi zuwa azahar. In na kaɗa gabas su koma yamma, in na bi su yamma su dawo su sauka a kan maficin. Kwana biyu na ce hannuna ya mutu, in yana so ya kai ni ƙara biro. Sai ya hau da kansa da takalmi a hannu. Duk bugun da ya kai, ƙuda ya tashi lafiya lau, fure cikin tafi ya zubo ƙasa.

"Malam, furen fa kake zubarwa."

"A yaƙi dole a yi asara."

Metod ta biyu, hayaƙi. Ya tara tsummoki da ƙaiƙayi a gindin itacen, ya kunna, sai kuma wata dabara ta zo masa, ya shiga madafa ya kwaso busasshen barkonon Yaya tiya guda ya watsa a ciki. Allah ya kyauta. Zango duka ta kama atishawa. Wanzamin bakin titi yana tsakiyar aski ya yi tasa, ya buɗe wa mutum hanya daga goshi har ƙeya. Halidu tela ya ɗinke hannun rigar wani ya haɗa da wuya. Kadi ta hau turmi don ta yi zagi, amma duk lokacin da ta buɗe baki sai "atsha!" ya riga ta, ta sauka ba ta faɗi ko kalma ba. Shi kuwa mai metod yana tsaye cikin hayaƙi, hawaye shaɓe-shaɓe, yana cewa, "Ku... atsha! ...ku duba yadda suke gudu." Kafin tokar ta huce sun dawo, har da baƙi.

Metod ta uku, wanka. Ya ɗauko famfon feshi, ya kaɗa sabulu a garwa, ya bi furen nan ɗaya bayan ɗaya yana wankewa. Ya kuma yanke hukunci cewa mai ciki tana bukatar ruwa, saboda haka garwa shida da safe, shida da rana, shida da yamma. Yaya ta ce Inna rage ruwa take yi in itace ya yi fure. Ya ce abin da ya sa aka sare na Inna ke nan. Tsakar gidanmu ta zama fadama, agwagin Kadi suka gano hanyar magudana suka tare wurinmu. Fure kuwa sai zuba yake, kullum da safe in share faifai biyu.

"Waɗannan marasa lafiya ne," in ji shi. "Gara da suka faɗi, kada su shafa wa sauran."

Sai ranar nan ya tashi daga barcin rana, ya dubi sangensa, gidan sauron da ke rataye a kan gadonsa, ya yi shiru. Ni na san shirun nan. Na ce wa Yaya, "Ɓoye abin da kike so."

Ba mu yi sauri ba. Ya kwance nasa, ya kwance na Yaya, ya kwance nawa, ya bi abokansa ya samo tsofaffi shida. Ya kira Halidu tela ya zo da abin awo.

Halidu ya zagaya itacen sau biyu yana shafa gemu. "Tanimu, na ɗinka wa alkali, na ɗinka wa ɗan dambe, na taɓa ɗinka wa doki. Itace dai yau na fara. Aljihu nawa za a sa?"

"Ba wasa na kira ka ba."

"To wuyan fa, zagaye ko na zamani?"

Kwana uku yana haɗa sange tara da jan zare, don shi ya rage masa. Ranar da aka sa wa mangwaro riga, maza huɗu suka hau da gora suna ja. Ta rufe ko'ina, sai reshe guda, wani dogo da ya tsallaka katanga ya sunkuya a gidan Kadi, daidai kan inda take feɗe kifi. Tanimu ya leƙa da ragowar ƙyalle a hannu. Ya tarar da ita tsaye da wuƙar kifi.

"Tsummanka ya tsaya a katanga," ta ce. "Reshen da ya shigo gidana, inuwarsa tawa ce, abin da ya haifa nawa ne. Haka ake yi a garin nan tun ba a haifi hularka ba."

"Ki riƙe! Reshen da ya bi abokan gaba, mi zan yi da shi? Na sallama."

"A gaban shaidu?"

"A gaban shaidu! Halidu, ka ji. Abin da ya haifa, in ya haifa, ki ci ke da ƙudanki."

Yaya ta dafa kai ta koma madafa.

Daga nan aka kafa doka: ba mai ɗaga rigar, kada mikorob ya shiga. Wata biyu itacen yana barci cikin sange tara, mu kuwa da muke kusa da kogi muna tashi da safe fuska kamar an yi mana shuka. Na ce masa, "Mijin Yaya, tunda itacen ya samu gado, ko za ka ba ni wurinsa in tsaya a tsakar gida?" Ya ce ƙasa ba ta ginuwa sai da sadaukarwa, yana faɗa yana sosa wuya.

Mutane suka riƙa zuwa kallo har daga unguwar Gamkalle. Wannan ya ƙara masa iska. Ya tsaya a ƙofar gida yana bayani da hannu biyu: mangwaron da ƙuda bai taɓa ba, kowane guda zai kai kan jariri, ba zare, ba tsami, ƙwallon ma ana iya ci. Bai tsaya nan ba. Ya gayyaci shugaban bironsu, Mushe Yahaya, ya zo ran Asabar bayan la'asar ya buɗe "mangwaron zamani na farko a ƙasa", yadda ya ga manya suna jan igiya ƙyalle ya zame daga kan allo in an gama sabon gini.

Saura kwana uku, da rana tsaka, ya ɗaga gefen rigar ya shiga. Ya daɗe. Da ya fito, ya zauna ya ci tuwo bai ce uffan ba. Tunda na zo Yamai ban taɓa jin ƙarar taunarsa ba sai ranar, don kullum magana ke rufe ta.

Yana fita na kutsa kai. Ganye. Ganye mai kyau, wankakke, mai ƙamshin sabulu. Na duba sama, na duba ƙasa, ko guda.

Da na gaya wa Yaya, ta ajiye tsintsiya ta zauna a bakin rijiya. "Shekara bakwai, Lami," ta ce. Ta ɗaga ido wajen katanga. Daga nan ana hango reshen Kadi, ya yi nauyi har ta tokare shi da itace, 'ya'ya reto-reto sun fara ja a kumatu, irin na Inna sak.

"Ki roƙe ta mana," na ce.

"Da wane baki? Mijina ya zage ta, ya shaƙe ta da barkono, ya sallama a gaban shaidu."

Washegari Tanimu ya tafi kasuwa, ya dawo da kwando a rufe da rigar kakinsa. Ya jira har ya ga mun kishingiɗa bayan azahar, ya ɗauki ragowar jan zaren Halidu, ya ja kwandon ya shige ƙarƙashin riga. Na ji ƙarar tsani, na ji "tim", na ji salati. Na matsa kusa.

"Mijin Yaya, ɗinki kake koya?"

"Bitamin nake ba su. Tafi ki kwanta."

Da ya fito, Yaya tana jiransa. "Malam, ko ka rufe idon gari, Inna ta san ɗanɗanon itacenta."

"Mangwaro mangwaro ne, Habsatu. Haƙori huɗu zai yi bincike?"

Yaya ta juya masa baya. Ta shiga ɗaki, kuma ran nan miyarsa ba gishiri.

Asabar ta zo da zafi irin na bazara, wanda ke narkar da man shanu a cikin ƙwarya. An shimfiɗa tabarmi, an aro kujera mai hannu. Zango ta cika gidan, wasu a kan katanga, Kadi a kan turminta ta naɗe hannu. Mushe Yahaya ya iso cikin farar kwat da farin wando, mutum mai sanyin magana, wanda aka ce kafin ya shiga biro ya yi lakwal ɗin noma. Tanimu ya zaunar da shi daidai gindin itacen, don ya fi kowa gani.

Sai jawabi. Ya gyara hular kwano, ya yi gyaran murya sau uku.

"Mushe shugaba, jama'ar Zango, maza da mata. Jiya muna cikin duhu. Yau, wala! Wasu," ya harari katanga, "sun ce a rataya kan kifi. Ni na ce a rataya ilimi. Abin da za ku gani yanzu, ko a Faransa sai an yi layi."

Ya miƙa wa Mushe Yahaya igiya. Mushe ya ja a hankali. Rigar ta motsa, ta zame kaɗan, ta maƙale.

"Ɗan ƙara ƙarfi, Mushe."

Ya ƙara. Shiru.

"Kawo in taimaka." Tanimu ya tofa yawu a tafi, ya naɗe igiyar a hannu, ya ja da ƙarfinsa duka. Kyaaat! Sange tara suka taho gaba ɗaya suka rufta masa, suka kwaso rabin abin da ya ɗaura. Mangwaron da ya kwana biyu a nune cikin zafin nan ya fara sauka. Ɗaya ya fashe a kafaɗar farar kwat. Ɗaya a gwiwa. Wani ƙato ya sami hannun kujera ya yi feshi har sahu na biyu. Tanimu kuwa yana ƙasa, yana birgima cikin raga kamar kifin da aka jawo daga kogi, hular kwano ta gangara ta faɗa fadamar agwagi.

Da ƙura ta lafa, kowa ya ɗaga kai. Sauran suna nan a sama suna lilo da jan zare: dogaye, gajeru, masu zare, manyan nan na kudu, har da wani kore da nake zargin gwaiba ce.

Mushe Yahaya ya ciro hankici ya goge kunnensa. "Tanimu, wane iri ne wannan?"

Murya ta fito daga cikin raga. "Irin zamani, Mushe."

"Na ga wasu sun fito a jikin kututture, kamar gwanda."

"Metod ce."

"Wancan kuma an yanke gefensa da wuƙa."

"Don... don baƙo ya ɗanɗana."

"Ni na yanka masa!" wata mata ta ɗaga murya daga baya. "Shekaranjiya a kasuwa! Ya ɗanɗana ya ce da tsami, ya sa na ƙara masa biyu!"

"Zarena dai bai tsinke ba," in ji Halidu. "Jama'a ku shaida, igiyar ce ta ja."

Gidan ya fashe. Wanzami ya faɗo daga katanga don dariya. Ana cikin haka sai ga su, zuuu, rundunar gidan Kadi duka, wata biyu ana hana su shiga. Suka sauka a kan mangwaron da ya fashe, suka sauka a kan raga, suka yi sahu a kafaɗar shugaban masu tsabtar gari.

Mushe Yahaya bai kore su ba. Idonsa yana kan reshen da ya tsallaka katanga. "Wancan fa? Shi ba zare."

"Nawa ne," in ji Kadi. "Ya sallama a gaban shaidu. Ƙarƙashinsa nake feɗe kifi."

"To shi ya sa." Ya juya wajen ragar da ke motsi. "Tanimu, ƙuda ne ke ɗaukar garin fure daga wannan ya kai wa wancan, sannan itace ya ɗauki 'ya'ya. Ka kori ma'aikatan, ka kulle ƙofa."

Kan Tanimu ya ɓullo ta wata ɓula. "Amma Mushe, hoton biro..."

"A kan mi ƙudan hoton ya sauka?"

"Tuwo."

"Ka ga mangwaro a hoton?"

Tanimu ya mayar da kansa cikin raga. Ni dai Yaya nake kallo. Kowa yana dariya ban da ita, tana tsaye a ƙofar madafa tana murza bakin zane. Kadi ma ita take kallo. Sai kanta ya ɓace daga katanga. Jim kaɗan ta shigo ta ƙofa da kwando a ka, ta ratsa jama'a, ta tsallake Tanimu kamar an ajiye buhu a hanya, ta sauke a gaban Yaya. Cike yake, an tsinko su da ganyensu, kowane da jan kumatu.

"Na tsohuwa ne," ta ce. "Ni na ga wadda ta yi shekara bakwai tana jan ruwa. Tun safe na tsinke, jira nake a gama ilimi."

Yaya ta riƙe hannunta gam.

"Amma da sharaɗi." Kadi ta nuna raga da haɓa. "Shi zai kai tasha, a kansa, ba hula. Baɗi kuma in itacen ya yi fure, shi zai zo gidana ya yi sallama, ya karɓi kawunan kifi, ya hau ya rataya."

"A gaban shaidu?" in ji Halidu.

"A gaban shaidu," in ji Mushe Yahaya, yana matse hankicinsa.

Washegari da safe Zango ta raka Tanimu da ido tun daga ƙofar gida har kwanar titi, kwando a ka, rana a ƙeya. Kafin ya kai tasha, an ce ya riga ya gaya wa mutum uku cewa da gangan ya bar reshen nan a waje, gwaji ne, haka manyan masana suke yi.

Bayan sati biyu takardar Inna ta zo. Ya zauna a gindin itacen ya karanta mana da ƙarfi. Ta ce sun iso lafiya, ta ce tun daga ƙamshi ta gane na ƙwallonta ne, ta sha uku a zaune, haƙorin nan mai rawa ya tafi a cikin na ukun kuma ba ta yi baƙin ciki ba. A ƙarshe ta ce a gaishe mata da wanda ya sha wahalar itacen nan har ya haihu, Allah ya yi masa albarka.

Tanimu ya ninke takardar, ya buɗe ƙirji. "Kun ji ko? Tsohuwa ta san ma'aikaci."

Sai wani ƙaton koren ƙuda ya zagayo ya sauka a kan hancinsa. Ya ɗaga hannu.

"Malam, kada ka motsa," in ji Yaya. "Mai gaisuwar ne ya zo karɓa."